Faifan da Jimi Hendrix ya biya bashi da shi

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni matashi ne a Agadas, shekara uku ke nan ina koyon jita, har na fara bin wata ƙungiya zuwa wasan biki. Wani yayana da ya daɗe a harkar ya tura mini kundin Jimi Hendrix mai suna Band of Gypsys a waya, ya ce duk mai riƙe jita da bai san shi ba, da sauransa. Na saurara sau biyu. Waƙa shida ce kacal, ɗaya ta wuce minti goma sha biyu, wani wurin kamar lasifika ce ta lalace, mai gangar kuma sai surutai yake yi. Me ya sa ake girmama wannan faifai haka bayan shekara hamsin da ɗoriya? Kuma me ya bari da har zai shafi irinmu?

Amsa: Ƙanena, yayan naka bai yi maka ƙarya ba, kai ma kunnenka bai yaudare ka ba. Faifan yana da rauni a wasu wurare, kuma cikin waɗanda suka fara faɗar haka har da mai shi. Bayan fitowarsa Hendrix ya shaida wa 'yan jarida cewa bai gamsu da shi ba, jitarsa ta saki a wasu waƙoƙin, kuma da son ransa aka bi da bai fitar ba. To me ya sa ya fitar? Bashi ake bin sa.

A watan Oktoba na 1965 Hendrix ba kowa ba ne. Ɗan amshin shata ne a bayan manyan mawaƙa, ya yi wa Little Richard kiɗa, ya yi wa 'yan gidan Isley, yau da abinci gobe babu a birnin New York. A wannan hali wani mai shirya faifai, Ed Chalpin, ya miƙa masa takardar kwantiragi ta shekara uku: dala ɗaya a hannu, da kashi ɗaya cikin ɗari na ciniki. Ya sa hannu ya wuce abinsa. A watan Satumba na 1966 Chas Chandler, wanda ya zama manajansa, ya tafi da shi Landan, ya haɗa shi da Turawan Ingila biyu, Noel Redding da Mitch Mitchell, kafin shekara ta zagayo sunansa ya cika duniya. Sai mai takarda ya fito da takardarsa. Aka yi ta shari'a, aka sasanta a 1968 a kan cewa Hendrix zai ba da kundi guda na sababbin waƙoƙi, kamfanin Capitol ya fitar, Chalpin ya ci moriya.

Shekara ta 1969 ta ƙare bai biya ba, ga shi shekarar ta zo masa da tsauri. Ƙungiyarsa ta watse a ƙarshen watan Yuni. Kuɗinsa suna ta zurarewa a ginin situdiyonsa na New York. Shari'ar ƙwaya tana kansa a Toronto ta ƙasar Kanada tun watan Mayu, sai ranar 10 ga Disamba aka wanke shi. Shi kuwa a situdiyo mutum ne mai tsantseni har ya wuce gona da iri, yakan maimaita waƙa ɗaya sau arba'in bai ce ta yi ba. Hanya mafi sauri ta sauke nauyin ita ce a hau dandamali, a kunna na'ura, abin da aka samu a miƙa. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Aka kama zauren Fillmore East, mai ɗaukar mutum sama da 2,500, aka yi wasa huɗu: biyu a daren 31 ga Disamba 1969, biyu a daren 1 ga Janairu 1970. Waƙoƙi shidan da kake ji duk daga dare na biyu aka zaɓo su. Faifan ya fito a Amurka ranar 25 ga Maris 1970, ya kai mataki na biyar a jerin faifan da aka fi saye, kuma shi ne cikakken kundi na ƙarshe da ya fitar da hannunsa, don ranar 18 ga Satumba na shekarar ya rasu a Landan yana da shekara 27.

Kafin mu je ga kiɗan, dubi mutum biyun da ya hau da su. Billy Cox mai jitar bes abokinsa ne tun a soja. A barikin Fort Campbell suka haɗu a 1961, suka fito suka yi yawon kiɗa tare a gidajen rawar baƙaƙen fata na kudancin Amurka, a zamanin da wariya ta raba wa kowa wurin shaƙatawarsa. Buddy Miles mai ganguna ɗan shekara 22 ne, ƙato, ya taso a kiɗan soul a bayan Wilson Pickett. Ka ga dukkansu uku baƙaƙe ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin. Masu cika wasan Hendrix yawancinsu farare ne, gidajen rediyon baƙaƙe ba su cika sa waƙoƙinsa ba, kuma da ya je ya yi wasa a titin Harlem a watan Satumba na 1969 tarbar da ya samu ba ta kai ta tauraro ba. Akwai masu yi masa kallon wanda ya bar gida ya koma yi wa wasu rawa.

Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da canjin mai ganga ya yi wa jitarsa. Mitch Mitchell ɗan jaz ne a zuciyarsa. In Hendrix ya tashi sama shi ma sai ya bi shi, su yi ta tsere, gangunan suna ta ɓarin wuta. Buddy Miles ba ya bin kowa. Yakan kafa bugu ɗaya mai nauyi ya zauna a kai kamar an dasa turmi, Cox kuma ya riƙe layi ɗaya yana ta juya shi. Wasu masu sharhi na lokacin sun raina wannan, suka ce gangar ba ta da dabara. A ganina sun ji da kunnen da bai saba da rawa ba. Da yake ƙasa ta tsaya cak, sai jita ta samu sararin da ba ta taɓa samu ba: ta yi nisa, ta ɓace, ta dawo ta tarar da gida yana nan. Kai da kake wasan biki ka fi kowa sanin wannan, don ka san abin da ke faruwa da mai jitar gaba ranar da mai riƙe masa baya ya fara son a gan shi.

Bill Graham, mai zauren, ya ba da wani labari da ya shahara. Ya ce a ɗaya daga cikin wasannin Hendrix ya yi duk abubuwan da aka san shi da su, kiɗa da haƙori, jefa jita bayan wuya, jama'a suna ta ihu, da ya sauko ya tambaye shi yaya ya gani, shi kuma ya ce masa ya yi komai amma ya manta bai yi kiɗa ba. A wasa na gaba sai ya tsaya wuri ɗaya ya yi ta kaɗawa. Labarin bakin Graham ne, amma hoton bidiyo marar launi da aka ɗauka a daren yana nan, kuma za ka ga mutumin da ya ƙona jita a bikin kiɗa na Monterey a 1967 tsaye ƙiƙam, kansa a sunkuye, ƙafarsa kawai ke motsi a kan akwatunan sauya sauti.

Yanzu ga doguwar waƙar da ta dame ka, “Machine Gun”, wato bindiga mai jigida. Da ita faifan yake tsaye. In an cire ta, da yau sai masu tara faifai ne kawai za su tuna da shi.

Kafin ya fara ya yi wa jama'a barka da sabuwar shekara, ya ce ya sadaukar da waƙar ga sojojin da ke yaƙi a Chicago da Milwaukee da New York, sannan kamar wanda ya tuna, ya ƙara da sojojin da ke yaƙi a Biyetnam. Waɗancan biranen uku ai ba fagen daga ba ne, cikin Amurka suke. Wata guda bai cika ba da 'yan sanda suka harbe Fred Hampton, matashin jagoran baƙaƙe, a kan gadonsa a Chicago ranar 4 ga Disamba. A watan Nuwamba labarin kisan gillar ƙauyen My Lai na Biyetnam ya fasu. Ranar 1 ga Disamba aka yi ƙuri'ar da ke tantance samarin da za a fara kwasa zuwa yaƙi bisa ranar haihuwarsu. Da yawa cikin mazauna zauren nan sun san lambarsu. Hendrix kuma tsohon soja ne na rundunar 'yan laima ta 101, shi ya sa ba ka jin zagin soja a waƙar. Da bakin wanda aka tura yake magana, yana cewa wani mugu ne ya sa nake kashe ka, ya sa kake kashe ni, alhali 'yan'uwa muke.

Ka sake saurara, amma ka sa abin ji a kunne, ka bi ta daki-daki. Da farko ya danne tsirkiyoyi da tafin hannu ya karce su, sai ka ji harbi: ta-ta-ta-tat. Buddy Miles ya amsa masa da irin wannan a ƙaramar ganga. Cox ya shigo da layi mai gangarowa ƙasa kamar mai tafiya da kaya a ka. Daga nan har ƙarshe ba a canja gida ba, a kan murya ɗaya aka yi minti goma sha biyu da rabi, irin na tsofaffin makaɗan bulus na Mississippi. In yana waƙa jitar tana bin muryarsa kalma da kalma, har ka rasa wa ke yi wa wani amshi. Wajen minti na huɗu sai baki ya yi shiru, ya ja tsirkiya ɗaya sama ya riƙe ta, ta yi ta kuka na daƙiƙu masu yawa ba ta mutu ba. Makaɗa da dama sun ce a wannan wurin tunaninsu game da jita ya canja. Bayanta sai abubuwa su yi ta faɗowa: jiniya, jirgi mai saukowa, fashewa, wani abu mai kama da kururuwar mace. Can baya kuma muryoyin Miles da Cox suna wani gunji marar kalma, kamar na gidan makoki. Da aka gama, jama'a suna tafi, za ka ji shi yana cewa wannan ne abin da ba ma son mu ƙara ji.

Abin da ka ɗauka lasifika ce ta lalace, kusan haka ne, sai dai da gangan. Ka san kukan da lasifika ke yi a wurin taro in an kusantar da makirufo gare ta, kowa ya toshe kunne? Jitar lantarki ma tana yin haka in an ƙure ƙarar amfilifaya: sautin da ya fito ya koma ya girgiza tsirkiya, tsirkiyar ta sake aika shi, su yi ta zagaye. Kowa gudun wannan yake yi. Hendrix ya koyi sarrafa shi da tazarar da ke tsakaninsa da amfilifayoyinsa na Marshall, ya matsa taku ɗaya ya samu wata murya, ya juya kafaɗa ya samu wata. Ga kuma akwatunan da ke ƙarƙashin ƙafarsa: Fuzz Face mai dusasa sauti ya yi kauri, wah-wah mai buɗe shi da rufe shi kamar baki, da Uni-Vibe, wanda sabo ne a lokacin, mai sa sauti ya riƙa lilo kamar ana jin sa ta cikin ruwa. Sai ƙarfen da ke jikin jitarsa ta Stratocaster, wanda in an danna shi duk tsirkiyoyi su saki lokaci ɗaya. Da shi yake yin faɗowar bom. Duk wannan mutum ɗaya ne, sau ɗaya, ba a dawo an ɗora wata jita a kai ba. Nan ne amfanin ɗaukar kai tsaye. A faifansa na situdiyo mai shakka yana iya cewa aikin injiniya ne. A nan ba wurin ɓuya.

Mu da muka taso da kalangu bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Mun san abin kiɗa yana magana, ya kira suna, ya yi zambo, ya yi zuga. Kiɗan rok kafin wannan dare ya fi ɗaukar jita a matsayin abin nuna gwaninta a tsakiyar waƙa, ka yi gudunka na rabin minti a tafa maka. A “Machine Gun” jita ce ke ba da labarin, kalmomin rakiya suka yi mata.

Sauran biyar ɗin ba sai mun daɗe ba. “Who Knows” tana da daɗin taku, amma surutan Buddy Miles da ka yi ƙorafi a kai sun yi yawa, kuma ka gode Allah, don Hendrix da injiniyansa Eddie Kramer sun zauna sun datse wasu kafin a fitar. Biyu daga cikin waƙoƙin ma na Miles ne, shi ya rera su, kuma ta ƙarshen guntuwa ce da aka yanko daga doguwa, shi ya sa take farawa kamar ka shigo ana tsakiyar hira. Biyun da ke tsakiyar gefe na biyu na faifan, waɗanda na Hendrix ne, masu maganar ƙauna da ƙarfin rai, su ne ke nuna inda ya dosa: jimloli masu sarƙaƙiya da jita da bes suke bugawa tare, a kan gangar da za a iya taka rawa da ita. Ƙungiyar kanta ba ta yi kwana ba. Ranar 28 ga Janairu 1970 suka hau dandamali a Madison Square Garden wajen taron neman zaman lafiya, Hendrix ba ya cikin hayyacinsa, ya yi waƙa biyu ya ajiye jita, manajansa Michael Jeffery ya sallami Miles. Shi ke nan.

Gadon kuwa, in kana nemansa, kada ka fara da makaɗan rok farare, ko da yake su ma sun kwasa. Ka fara da gidajen da a da suke yi wa Hendrix kallon bare. A 1971 'yan gidan Isley, tsofaffin iyayen gidansa, suka rera “Machine Gun” a faifansu, suka haɗa ta da wata waƙar da aka yi kan ɗaliban da sojoji suka harbe a jihar Ohio. Ƙanensu Ernie, wanda yana yaro Hendrix ya zauna a gidansu, ya girma ya ɗauki jita da irin wannan muryar ya shigar da ita rediyon baƙaƙe, inda ta kasa shiga da ran mai ita. A 1971 ɗin dai ƙungiyar Funkadelic ta George Clinton ta fitar da “Maggot Brain”, inda Eddie Hazel ya yi minti goma yana makoki da jita, kuma duk wanda ya ji su a jere ya san ɗaya ta sha nonon ɗaya. Miles Davis, babban mai kakakin jaz, ya jona wa kakakinsa wah-wah, ya ɗauko masu jita irin su Pete Cosey, kuma wasannin da ya ɗauka a Osaka ta Japan a 1975 a kan wannan tsarin suke: ƙasa a kafe, sama a hargitse. Daga nan zaren ya bi ta kan Prince, ya kai ga Vernon Reid, wanda a 1985 ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe masu kiɗan rok, don har a lokacin kamfanoni suna ce wa baƙin mutum rok ba nasa ba ne. Wannan faifai shi ne shaidar da suke ɗagawa. Gaurayen fonk da rok da ake ji ko'ina yau, nan yana cikin wuraren da aka fara jin sa a sarari.

Sai batun irinku. A nan ina so in yi taka-tsantsan da kai, don 'yan jaridar Turai sun saba da zarar sun ga Buzu da jita sai su ce ga Hendrix na Sahara. Kiɗan jitar da kuke yi a Agadas yana da iyayensa: takamba, tende, da su Abdallah Oumbadougou da Tinariwen, waɗanda kaset ɗinsu ya yi yawo hannu da hannu a lokacin tawayen 1990. Zama a kan murya ɗaya ana juya ta ba daga New York kuka koyo ba. Amma haɗuwar gaskiya ce. Bombino, mai jitar nan ɗan Agadas, ya sha faɗa cewa a shekarun da ya yi gudun hijira a Aljeriya da Libiya shi da abokansa sun yi ta kallon bidiyon Hendrix da na Mark Knopfler suna kwaikwayon yatsunsu. Mdou Moctar, shi ma ɗan Nijar, bahago ne kamar Hendrix, amma shi hanyarsa daban: ya fara da jitar da ya haɗa da wayar birkin keke, kundinsa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008 da salon waƙoƙin finafinan Hausa, sai daga baya ya ƙure ƙarar amfilifaya. Abin da ya haɗa su da wancan dare ya wuce salo. Mutanen da suka ga yaƙi da idonsu, har aka taɓa ɗaukar jita a hannunsu a matsayin laifi, ba sa buƙatar a fassara musu abin da Hendrix yake yi a minti na huɗu. A Najeriya ma, mako biyu bayan wannan wasan aka kawo ƙarshen yaƙin basasa, ranar 15 ga Janairu 1970, kuma samarin da suka fito daga cikinsa suka kafa ƙungiyoyi irin su Funkees a gabas, ga BLO a Legas, duk da jita mai dusasshiyar murya irin tasa.

In za ka ɗauki darasi na hannu, kada ka ɓata wata shida kana haddace jimlolinsa ɗaya bayan ɗaya, shi kansa bai maimaita su ba. A 2019 aka fitar da wasannin huɗu kusan gaba ɗaya a kundi mai suna Songs for Groovy Children, kuma “Machine Gun” tana cikin kowanne. Ka nemo su ka ji a jere. Cikin dare biyu ya buga ta sau huɗu, farkon iri ɗaya ne, layin Cox iri ɗaya ne, amma da zarar baki ya yi shiru kowacce ta kama hanyarta, kuma ta uku ce kawai ta shiga faifan 1970. Bayan ka gama, ka koma ka sake jin ta ukun, wannan karon ka ƙyale Hendrix gaba ɗaya, ka bi Billy Cox daga farko har ƙarshe. Sannan ka tura wa mai riƙe muku bes.